Tarihin Mayen Ƙarfen Da Ke Cikin Sifikar Wayarka

Da wuya ranar kasuwar Illela ta wuce ba a kawo min waya shagona a nan Garu ba, wai sifika ta mutu, murya kamar daga cikin rijiya. Yawanci masu walda ne da maƙera, har da 'yan uwanmu na Konni. In na buɗe sai in tarar lafiyarta lau, garin ƙarfe ne kawai ya toshe ta. Me ya ja shi ciki? Bari mu koma baya kaɗan.

Tun zamanin da mutane sun san maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, amma ba a san yana da dangantaka da lantarki ba. Sai a 1820 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa in ya saki wutar batir cikin zaren ƙarfe, allurar kamfas da ke kusa sai ta juya. Ashe wuta in tana tafiya, maganaɗisu take haifarwa kewaye da ita.

Wanda ya fi burge ni shi ne Michael Faraday na Ingila. Ɗan maƙeri ne, bai yi boko mai zurfi ba, a shagon ɗinkin littattafai ya yi koyon sana'a, yana karanta abin da aka kawo ɗinki. Shi ya juya tambayar: tunda wuta na ba da maganaɗisu, shi fa zai ba da wuta? A 1831 ya naɗa kwayil biyu a jikin zoben ƙarfe ɗaya, ya ga na biyun yana samun wuta, amma sai a daidai lokacin kunna na farkon ko kashe shi. Ka riƙe wannan: maganaɗisu in yana zaune shiru ba ya ba da komai, sai yana motsi ko canzawa. Janaretan gidanku, taransifomar unguwa, ƙaramar taransifomar cikin cajarka, har injinan madatsar Kainji da aka kammala a 1968, duk a kan wannan suke aiki.

Sifika kuma ta bi hanyar Oersted. Irin wadda muke amfani da ita yau ta samo asali daga aikin Rice da Kellogg a Amurka, 1925. Kwayil ne siriri kamar gashi, manne da wata 'yar leda, zaune a bakin maganaɗisu. Wutar sauti na shiga, kwayil na rawa, leda na tura iska, kai kuma ka ji murya.

To wannan maganaɗisun ba ya barci ko wayar a kashe take. Ka ajiye ta inda ake gurza ƙarfe, sai ta yi ta zuƙar gari har ledar ta kasa motsi.

Don Allah kar ka soka allura ko tsinke, yawancin sifikun da nake canzawa haka aka huda su. Sa burushin haƙori busasshe, ka juya ramin ƙasa, ka goge a hankali. In kana walda, bar ta cikin leda nesa da wurin aiki. In muryar ba ta dawo ba, kai wa mai gyara ya buɗe, ka ce ya fara share ta kafin a yi maganar sabuwa.