DALLA-DALLA: Iyakar RAM ɗin da tsohuwar laftof ke iya ɗauka, da abin da mai saye daga Safana ya kamata ya sani

RAM ita ce ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke baje aikin da take yi a kanta. Idan ta yi kaɗan, sai na'urar ta riƙa sanɗa da zarar an buɗe kundin kasafin kuɗin jiha tare da shafukan intanet biyar ko shida. Wasu laftof na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka da 4GB kacal suke zuwa, don haka ƙara RAM na daga cikin gyare-gyare mafi sauƙi da ake yi musu.

Sai dai kowace laftof tana da iyakarta, kuma ƙirarta ce ke yanke wannan iyaka, ba aljihun mai ita ba. HP EliteBook 840 G1 da G2 suna tsayawa a 16GB, wato 8GB a kowane gurbi cikin gurabe biyu, yayin da G3 ke kaiwa 32GB. Lenovo ThinkPad T420 kamfaninta ya rubuta mata 8GB, amma masu amfani da ita sun daɗe da gano cewa tana karɓar 16GB. MacBook Air kuwa an liƙe RAM ɗinta ne a jikin allon na'urar, babu gurbin ƙari.

Wurin da aka fi tafka asara shi ne nau'i. DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, wannan da sauƙi. Tarkon yana tsakanin DDR3 mai volt 1.5 da DDR3L mai volt 1.35: surarsu ɗaya, gurbinsu ɗaya, amma laftof irin 840 G1 da G2 DDR3L suke buƙata, kuma sau da yawa idan aka sa musu ɗayar allon ba ya ko kawo haske. Haka nan Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya wuce 4GB, ko da an cika gurabe biyun.

Ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko matashin da ke zaune a Safana ko Batsari, kuskure irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Neman kayan kan kai mutum Katsina, wani lokaci har titin Beirut a Kano, a hanyar da matsalar tsaro ta sa ba a so a maimaita ta sau biyu kan abu ɗaya. Ba kullum ake dogara da intanet ba ma: a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da waɗannan biyun, tsawon watanni. Sa'ar ita ce duba na'urar ba ya buƙatar data. A danna Ctrl, Shift da Esc tare, a shiga Performance, sannan Memory; nan za a ga yawan RAM da adadin guraben da aka cika. Takardar da ke manne a jikin tsohuwar RAM ma tana faɗar nau'inta: PC3L na nufin DDR3L. Mafi aminci dai a tafi da laftof ɗin, a gwada a gaban mai shago kafin a miƙa kuɗi.

Wanda zai saka da kansa ya kashe na'urar, ya zare caja da batir, ya taɓa ƙarfe tukuna, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke tara lantarki a jikin mutum.

Shin dole ne a kai ƙarshen iyaka? Ga rubutu, karatu da bin labarai, 8GB ta wadatar, kuma idan laftof ɗin tana kan tsohon faifai mai juyawa, sauya shi da SSD ya fi ƙarin RAM kawo sauri. Akwai kuma abin da RAM ba ta gyarawa: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zubi na takwas ko sama da haka. Babu ɗaya cikin HP da Lenovo ɗin da aka ambata a sama da ta cika wannan sharaɗi.