Sarki Goma, Zamani Goma: Wa Zai Ɗauki Alhakin Zamaninsa?

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin matasanmu idan aka tayar da zancen magabata, wato "ai zamaninsu ne, abin da yake laifi yau a wurinsu ba laifi ba ne." Wasu kuma sukan ɗauki kishiyarta, su tara magabatan gaba ɗaya su yanke musu hukunci da mudun yau. Mu Hausawa mazauna Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, muna zaune ne a kan ƙasar da ta isa ta gwada waɗannan maganganu biyu, domin tarihin duwatsun Ahaggar da na Agadas da na Sakkwato a saƙe suke.

A ranar 7 ga Mayu, 1902, a Tit, kimanin kilomita 40 daga wannan gari, mayaƙan Abzinawan Ahaggar suka gwabza da rundunar wani hafsan Faransa mai suna Cottenest, wanda ya taso daga In Salah da 'yan raƙuma masu bindigogin zamani. Takobi da mashi ba su iya da harsashi ba, Abzinawa suka yi asarar kusan mutum ɗari. Bayan wannan ne Musa ag Amastan ya tafi In Salah a 1904 ya ƙulla sulhu, a 1905 kuma Faransawa suka amince da shi a matsayin Amenokal, wato sarkin Ahaggar. A shekarar ne malamin Kirista Charles de Foucauld ya sauka Tamanrasset, lokacin tana ƙauyen manoma mai 'yan bukkoki. Musa ya ziyarci Faransa a 1910, ya gane wa idonsa ƙarfin da mutanensa suke fuskanta.

Sai ga jarrabawar 1916. A ranar 1 ga Disamba aka kashe Foucauld a ƙofar ganuwarsa, wadda har yau tana nan tsaye a tsakiyar gari. A cikin watan ne Kawusan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, Sarkin Abzin Tagama yana mara masa baya. Musa ya yi ɗan jinkiri, daga bisani ya tsaya a ɓangaren Faransawa. A watan Maris na 1917 dakaru daga Damagaram suka karya ƙawanyar, aka yi wa mutanen Agadas kisan ramuwa har da malamai, ƙasar Abzin ta watse. An kashe Kawusan a Fezzan a 1919, Tagama ya rasu a hannun Faransawa a 1920, Musa ma ya rasu a wannan shekara yana kan sarautarsa.

Irin wannan mararraba ta riga ta faru a ƙasar Hausa. Da Sakkwato ta faɗi a ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, jama'a masu yawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari kuwa ya dawo gari ya zauna da Turawa, bayan ya shawarci malamai, har ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa ta tsare addini da rayukan talakawan da ba su da halin tashi.

To, tsakanin waɗannan mutane wa za mu ɗora wa laifi? A nan ne masu cewa a duba zamani suke da rabonsu na gaskiya. Mu mun san ƙarshen labarin, su kuwa a cikin duhunsa suka yanke shawara. Wanda ya tsaya ya yi yaƙi ya bar mana mutunci, wanda ya yi sulhu ya bar mana garuruwa da makarantu da zuriya. Adalci shi ne a auna kowannensu da abin da ya sani da abin da yake iyawa. Amma mu lura, Waziri Buhari bai ce zamani ya halatta masa komai ba. Da yana ganin haka, da bai nemi fatawa ba, da bai rubuta uzuri ba. Mai neman uzuri ya yarda akwai ma'aunin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma inda uzurin zamani ba ya tsayawa da ƙafafunsa, wato fataucin bayi. Ƙarnoni aka kwashe ana tsallako wannan hamada da 'ya'yan mutane, daga kasuwannin Kano da Katsina da Borno zuwa Gat da Gadamas da Tuwat da Tarabulus. Sau da yawa akan ce a lokacin ba a san haramun ba ne. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Mutanen Tuwat, a nan cikin Aljeriyar yau, suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Tambutu tambaya a kan bayin da ake kawo musu daga ƙasar baƙar fata. Malamin, wanda shi kansa ya ɗanɗana kamu bayan Maroko ta ci Songai a 1591, ya amsa musu a 1615 a littafinsa Mi'irajus Su'ud cewa launin fata ba ya sa mutum ya zama bawa, kuma mutanen Kano da Katsina da Borno da Songai Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. Tambayar kanta shaida ce cewa zukatan masu saye ba su natsu ba. An ba su amsa, ayari kuma bai fasa tafiya ba har kusan shekara 300 bayan haka. Saboda haka an sani, riba ce ta rinjayi sani.

Kuma ba sarakuna kaɗai suka yi wannan ba. Akwai mahayin da ya kai hari, da dillalin da ya yi ciniki, da madugun da ya ja ayari, da fatoman da ya sauke su, da malamin da ya ga an ɗaure mai salla ya kau da kai. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, sun kuma ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sarki ba ya faɗowa daga sama. A Ahaggar manyan dangogi ne suke taruwa su miƙa wa Amenokal tambarin sarauta, a ƙasar Hausa kuma akwai masu zaɓen sarki. Tun a ƙarni na 15 Shehu Magili, wanda kabarinsa yake Tuwat, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan masu mulki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya. Kowane zamani yana da masu faɗa masa gaskiya daga cikinsa, su ne kuma shaidun da za su tsaya a kansa.

Abin da shugabanni suka ƙulla yakan wuce su ya faɗa kan waɗanda ba a shawarta ba. A In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da mu, Faransa ta yi gwajin makaman nukiliya sau 13 a ƙarƙashin dutse tsakanin 1961 da 1966. A ranar 1 ga Mayu, 1962, ɗaya daga ciki ya ɓalle, gajimare mai guba ya fito fili. Waɗanda suka ba da umarnin sun ce bukatar zamaninsu ce. Sun tafi, makiyayan yankin da jikokinsu ne suka gaji dutsen.

Yanzu sai mu juyo da mudun kanmu. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace a hanyarsu ta zuwa Aljeriya. Yawancinsu daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram. Hausawa ne, harshenmu suke ji. Daga ƙarshen 2014 hukumomin Nijar da Aljeriya suka shiga mayar da irin waɗannan mutane gida, duk da haka ba a daina ganin yara ƙanana suna bara a titunan wannan ƙasa ba, wasunsu ma ba tare da iyayen da suka haife su ba. Muna da amsa a shirye: talauci ne, fari ne, gonaki sun tsuke, zamani ne ya zo da haka. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai mai karɓo yaron daga hannun uwarsa, da direban da ya loda shi, da mai gidan da ya ba da masauki, da wanda yake karɓar kuɗin da yamma, da mu da muka san su da sunayensu muke gaisawa da su a masallaci. Wannan jeri ya yi kama da na dā ƙwarai.

Jikokinmu za su karanta 2013 kamar yadda muke karanta 1615. Ba za su ce ba mu sani ba, domin a rediyo aka faɗa, a wayoyinmu muka gani. Idan muna so su yi mana adalcin da muke nema wa Musa ag Amastan da Waziri Buhari, sai mu bar musu shaidar cewa mun auna, mun shawarta, mun yi iyakar iyawarmu. Wannan yana farawa ne daga abin da yake hannunmu: wanda muke zaɓa ya shugabanci jama'armu a nan baƙunta, wanda muke ba masauki, wanda muke tashi tsaye mu gaishe shi domin dukiyarsa ba tare da tambayar inda ta fito ba, da abin da limamanmu suke faɗa ranar Juma'a. Sarki goma, zamani goma, haka ne. Sai dai kowane zamani da mutanensa, kuma su za a tambaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, ya ba mu ikon gyara namu tun muna da sauran numfashi.