Yawan Lokutan Shan Zaƙi da Ruɓewar Haƙora: Nazari a Kan Binciken Vipeholm

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin binciken da aka gudanar a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin, sannan ta auna sakamakonsa da yadda ake shan zaƙi a ƙasar Hausa. Abin da ta tsaya a kai shi ne, yawan lokutan da sukari ke shiga baki, da daɗewar da yake yi a jikin haƙori, suna da tasirin da bai gaza na yawan sukarin ba.

Yadda ruɓewar ke faruwa

Har yanzu akwai masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Tun a 1890 likitan haƙori W. D. Miller ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya na cikin baki ne ke sarrafa ragowar abinci su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori. A farkon shekarun 1940 Robert Stephan ya auna tsamin dauɗar da ke manne wa haƙora. Ya gano cewa mintuna kaɗan bayan sukari ya shiga baki, tsamin kan ƙaru har ma'auninsa na pH ya faɗi ƙasa da 5.5, inda ɓawon ke fara zaizayewa. Daga nan yawu ke kama aikin wanke asid da mayar da ma'adinan da suka zube, aikin da kan ci minti 30 zuwa 60.

Ke nan kowace kurɓar zaƙi tana da nata zagayen ɓarna da gyara. Idan wata ta biyo baya kafin yawu ya gama aikinsa, gyara bai samu ba.

Abin da ya faru a Vipeholm

Vipeholm asibiti ne na masu naƙasar ƙwaƙwalwa a birnin Lund. Daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, hukumar lafiyar Suwidin ta sa aka yi gwaji a kan majinyata 436, aka kasa su rukuni-rukuni. Wasu aka riƙa ba su sukari narkakke a cikin abin sha lokacin cin abinci kawai, har kimanin giram 300 a rana. Wasu aka ba su burodi mai zaƙi, wasu cakulan, wasu kuma wata alewa mai danƙo wadda ke maƙale wa haƙori, guda 8 ko 24 a rana, suna tsotsa tsakanin abinci da abinci.

Sakamakon da Bengt Gustafsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1954 ya ba da mamaki. Masu shan tulin sukari tare da abinci, ruɓewar haƙoransu ba ta ƙaru sosai ba. Masu alewa 24 kuwa su suka fi kowa shan wahala, kogo ya yi ta buɗewa a haƙoransu shekara bayan shekara. Da aka janye alewar, sai saurin ruɓewar ya koma kusan yadda yake a da.

Ba za a wuce wannan bincike ba tare da faɗin gaskiya a kansa ba: zalunci ne. Mutanen ba su da halin amincewa ko ƙi, da gangan aka lalata musu haƙora, kuma masana'antun sukari da alewa na cikin waɗanda suka ba da kuɗin aikin. Babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai yarda da irinsa a yau. Daga cikinsa ne dai al'adar Suwidin ta ware wa yara ranar Asabar don shan alewa ta samo tushe.

Aunawa da ƙasar Hausa

Wanda ya zauna a majalisar shayi, a Kano ne ko a Damagaram, ya san yadda abin yake. Buta na kan gawayi, a zuba sukari, a yi ta ɗaga shayin sama har ya yi kumfa, a sha na farko, a jira na biyu, hira ta yi nisa kafin na uku ya iso. Kofin ɗan mitsitsi ne, mai sha ba ya ganin ya sha wani abin kirki. Amma bakinsa na iya shafe awa biyu ko uku a cikin tsami, ba tare da yawu ya samu sarari ba. Haka yaron da ke tafe makaranta da iloka ko tuwon madara ko mazarƙwaila a aljihu, yana gutsura kaɗan-kaɗan har a tashi. Yanayinsa ya fi kusa da na rukunin alewa a Vipeholm fiye da na wanda ya sha kunu mai sukari da safe ya kurkure baki.

Mafi muni shi ne zaƙin dare, domin yawu na raguwa ƙwarai a lokacin barci. Jaririn da aka kwantar da bulumbotin shayi ko madara mai sukari a baki, haƙoransa na gaba na sama ne ke fara yin fari-fari a gindi, daga baya su yi baƙi su gutsure. Asuwaki da man goge baki mai fulorayid suna rage ɓarnar, sai dai ba sa soke ta.

Wannan ba ya nufin yawan sukari ba shi da laifi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, in da hali ma ya gaza kashi 5, wato kimanin giram 25 ga baligi. Kwalbar lemo ɗaya takan zarce hakan. Rahoton hukumar na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne a duniya ke da ruɓewa a haƙoran nono. Nijeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021, amma harajin bai taɓa butar shayi ba, bai kuma taɓa farantin mai tallar alewa a ƙofar makaranta ba.