Tsarkake Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Ƙwayoyin Halitta

Masana sun yi saɓani a kan mafarin wannan fanni. Wasu suna ƙirga shi daga 1972, shekarar da Richard Raymond ya tura iska da taki cikin rijiyoyi a Ambler ta ƙasar Amurka, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su cinye fetur ɗin da ya tsiyaya daga bututu. Wannan riwaya ingantacciya ce, illa dai ba ta warware mas'alarmu ba, domin fetur tasowa yake yi saman ruwa, alhali sinadaran da masana'antu ke wanke maiƙon ƙarfe da tufafi da su, waɗanda ake taƙaita sunayensu da TCE da PCE, sun fi ruwa nauyi, sai su nutse su maƙale a can ƙasa, suna narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Saboda haka dabarar zuƙo ruwan a tace shi, wadda ta yaɗu bayan dokar Superfund ta 1980, ta ci dukiya mai yawa ba ta kai ga tushen cutar ba.

Abin da ya fi rinjaye a wurinmu shi ne 1989. Kafin nan an san cewa bakteriyar da ke rayuwa inda babu oksijin tana cire kulorin daga waɗannan sinadarai ɗaya bayan ɗaya, amma sau da yawa aikin yakan tsaya a kan binil kulorayid, wanda ke haddasa sankarar hanta, wato magani ya haifi abin da ya fi cutar sharri. A waccan shekara David Freedman da James Gossett na Jami'ar Cornell suka tabbatar da hujja cewa ana iya kai aikin har ƙarshensa, ya zama iskar etilin marar illa, a 1997 kuma aka ware ƙwayar da ke da wannan baiwa aka kira ta Dehalococcoides. Daga nan aiki ya koma ciyar da ita, ana tura mata man waken suya ko ragowar ruwan rake ta cikin rijiyoyi, inda kuwa babu ita a ɗebo ta daga wani wuri a zuba, kamar yadda aka jarraba a sansanin sojan sama na Dover a ƙarshen shekarun 1990.

Idan muka juyo ga yadda wannan dabara za ta yi aiki a Kaduna, manyan masana'antu suna kudancin kogin garin, a Kakuri, tun kafa masaƙar farko a 1957. Arewacin kogi yana da kasuwar Panteka da garejojin makanikai, da kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da aka kafa a Mando a 1979. Ƙarƙashin garin tsohon dutse ne mai tsage-tsage, daga cikinsu rijiyoyin burtsatse ke samun ruwa, kuma a irin wannan dutse isar da abincin ƙwayoyin inda sinadarin ya ɓuya ya fi wuya fiye da cikin rairayi.