Siririn kube da likitocin zuciya ke sawa a jijiyar wuyan hannu

Idan likita zai duba jijiyoyin zuciya ko ya buɗe wadda ta toshe, yakan zura dogon bututu siriri da ake kira kateta ta cikin jijiyar jini har ya kai zuciya. Ba a zura katetar kai tsaye. Da farko ana huda jijiyar da allura, a bi da wata siririyar waya, sannan a ɗora wani gajeren bututun roba a kanta ya zauna a bakin jijiyar. Wannan gajeren bututu shi ne kube, kuma a asibitocin da ake aiki da Faransanci ana ce masa introducteur. Ta cikinsa ake shigar da kateta, a fitar da ita, a sauya wata, ba tare da an sake huda mara lafiya ba.

A da, ta jijiyar matsematsin cinya ake yin wannan aiki. A 1989 Lucien Campeau, likita a birnin Montreal na Kanada, ya nuna cewa ana iya bi ta jijiyar wuyan hannu, wadda ake taɓawa a ji bugun zuciya. A 1992 kuma Ferdinand Kiemeneij ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciya ta wannan hanya a Amsterdam. Manyan bincike sun tabbatar cewa zubar jini ya fi ƙaranci ta wuyan hannu, kuma mara lafiya kan tashi ya yi tafiya da wuri.

Matsalar ita ce jijiyar wuyan hannu ƙarama ce. Faɗin cikinta bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma ta mata ta fi ƙanƙanta. Idan kube ya yi mata yawa, yakan goge bangonta, ta tsuke, jini ya daskare a ciki, ta toshe. A 1999 Shigeru Saito na Japan ya nuna cewa jini ya fi raguwa a jijiyar idan kaurin kube ya fi faɗin cikinta. Sau da yawa mutum ba ya jin komai, domin jijiya ta biyu da ke gefen ƙaramin yatsa tana ci gaba da ciyar da hannu. Amma asara ce: ba za a sake bi ta nan ba, ba za a ɗauki jijiyar a yi dashe a tiyatar zuciya ba, kuma mai ciwon ƙoda ya rasa wurin da aka fi so a shirya masa hanyar wankin ƙoda.

Ana auna kateta da ma'aunin da Charrière, maƙerin kayan tiyata a Paris, ya ƙirƙira: lamba ɗaya kashi ɗaya ne cikin uku na milimita. Yawancin aikin buɗe jijiya da lamba 6 ake yi. Kuben da aka saba da shi na wannan lamba kaurinsa ya kai kusan milimita 2.6. Dabarar masu ƙera siririn kube ita ce su rage kaurin bango su bar faɗin ciki yadda yake. Glidesheath Slender na kamfanin Terumo na Japan, alal misali, kaurinsa milimita 2.46 ne, amma katetar lamba 6 tana wucewa ta cikinsa. Ana kuma shafa masa wani sinadari da ke yin santsi idan ya jiƙe, don rage tsukewar jijiya da zafi.

Siririn bango yana da nasa rauni: ya fi saurin lanƙwasewa, musamman idan mara lafiya ya motsa hannu. Kuma ba shi kaɗai ke kare jijiya ba. Likitoci suna ba da maganin hana daskarewar jini mai suna heparin, su zaɓi lambar da ta fi ƙanƙanta da za ta isa aikin, sannan bayan an cire kube su ɗaure wurin daidai gwargwado, yadda jini zai tsaya fita amma ya ci gaba da gudana a ciki.

Wanda za a yi wa wannan aiki ya kamata ya sanar da likita idan yana da ciwon ƙoda, ko an taɓa bi ta wannan hannu. Kafin a sallame shi, yana da kyau ya nemi a duba ko jijiyar tana nan a buɗe.