Akun Imam Da Littattafan Haya

A hirar da muka yi bayan taron ƙungiya na watan jiya, wani daga cikin samarinmu ya ce wai Bahaushe bai san labari mai hana barci ba sai da littattafan James Hadley Chase suka shigo ƙasar nan. Na yi shiru don kada hira ta koma gardama, amma maganar ta tsaya mini a rai.

To, mu koma 1933. A shekarar nan Rupert East, Baturen hukumar talifi ta Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Bayanta aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wannan na ƙarshe, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, shi ya fi dacewa da zancenmu. Malam Shehu mai dukiya ya aure Zainabu, yarinyar da Abubakar ke nema. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ya sha wuya, ya dawo ya sauke shi a kan Kyauta, ɗan da suka haifa. Tun daga nan mai karatu ya san masifa tana tafe, ƙofar da za ta shigo ce kawai bai sani ba. Ka ga dabara ke nan: a buɗe maka abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba, a bar ka kana kallo suna nufar rami, ba ka da bakin yi musu magana.

Abubakar Imam kuwa ya wuce nan a Magana Jari Ce, wadda ta fara fitowa a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulle-ƙullen yadda ɗan sarki Musa zai fita daga gida a halaka shi, aku kuma ba shi da makami sai baki. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya janyo labari ya riƙe shi har gari ya waye. Ashe labarin da kake jin daɗinsa shi ne igiyar da ke riƙe da ran yaron. Iyayenmu mata ma haka suke yi da tatsuniya, a kai Gizo bakin halaka sannan a ce a tafi a kwanta.

Nan Yerwa, waɗannan littattafai a kayan fatake da ma'aikata suka iso, musamman bayan jirgin ƙasa ya zo a 1964. Masu boko ba su da yawa, saboda haka karatun na taro ne. Na taso na tarar da wani tela a Hausari, bayan isha'i sai ya ɗauko littafi ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, a kewaye shi a gindin fitila. Mutumin nan ya san inda zai rufe littafi. Daidai wurin da numfashi ya tsaya zai ce kananzir ya ƙare, alhali fitila na ci.

Amma a ba yaron nan haƙƙinsa. 'Yan sakandare na shekarun 1970 sun sha Chase ƙwarai, sannan ga jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da ya fara a 1977, har da littafin Mohammed Sule, ɗan Kano. Daga nan bindiga da mota da gajeren babi suka shigo. Duba Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, 1982, labarin Mailoma, tsohon sojan yaƙin basasa da ya tara 'yan ta'adda. Sabon kaya ne, amma a kan tsohon jaki aka ɗora shi.

Abin da ya fi sauya salon, a ganina, kuɗi ne. Daga wajen 1984, lokacin da Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, marubuta suka koma buga wa kansu. Jari kaɗan ne, don haka sai a tsaga labari kashi-kashi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Wanda bai iya yanke labari a gaɓa ba, kashi na biyu ba zai ga ɗab'i ba. Haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya kama mutane a 1991. Mu kuwa jiranmu biyu ne: jiran marubuci, da jiran motar da za ta biyo ta Potiskum da Damaturu da kayan Kano. Matan gida su aiki yara kasuwar Monday Market tambaya, a dawo a ce bai iso ba. Ga masu ba da haya, littafi ɗaya ya zaga gida goma kafin ya koma. Na taɓa karɓar wani, na kwana a kansa, da asuba na iske an yage ganye biyu na ƙarshe. Har yau ban san wa ya kashe attajirin ba.

Ba duka ne gwanaye ba, gaskiya. Wasu sukan tsinka labarin kashi ɗaya da ruwa har ya kai huɗu, in sun rasa mafita su ce ai mafarki ne. Wannan cin amanar mai karatu ne.

Na sake ganin karatun taro a 2013, bayan an sa dokar ta-ɓaci a watan Mayu aka katse layukan waya. Ga dokar hana fita, ga tsoro, sai aka buɗe tsofaffin akwatuna. A gidana 'yar wajena ce ke karantawa, mu muna saurare, wani lokaci muna jin ƙarar harbi daga nesa, ba mai cewa a tsaya.

Yanzu labaran sun koma WhatsApp, babi-babi, wasu sai ka biya kafin a turo maka ci gaba. Tsofaffin bugun nan kuwa gara da ruwa suna ta cinye su, ambaliyar Satumba ta 2024 ma ta tafi da na gidaje da yawa. Duk mai sauran wani a gida, don Allah ya kawo ofishin ƙungiya mu haɗa su wuri ɗaya. Shi kuma saurayin da ya tada zancen, na ara masa Jiki Magayi nawa, mako uku ke nan bai dawo da shi ba, ya ce ƙannensa ne suka riƙe.