Taron Tarihi na Kwalejin Ruskin da Matsayin Mai Bincike Marar Digiri

A shekarar 1967 ne Raphael Samuel, malamin tarihi a Kwalejin Ruskin ta Okusfod a Ingila, ya assasa taron da aka sani da History Workshop. Ɗaliban wannan kwaleji magidanta ne, galibinsu ma'aikata 'yan ƙungiyoyin ƙwadago. Samuel ya ƙi amincewa da al'adar jami'a, watau sai mutum ya sami digiri kana ya taɓa takardun asali. Ya tura ɗalibansa ma'ajiyar takardu da wajen dattawan garuruwansu, kowa ya binciko tarihin sana'arsa, ya karanta a bainar jama'a. Ta haka ne Dave Douglass, mahaƙin kwal, ya rubuta ƙasida a kan rayuwar mahaƙa a Durham, aka buga ta a 1972.

Taron ya bunƙasa, har ya haifi mujalla a 1976. To, amma bunƙasar nan ta zo da tata illa. A zaman 1979, E. P. Thompson ya yi zazzafar muhawara da Stuart Hall da Richard Johnson a kan mazhabobin nazari. Muhawarar tana da amfani, babu shakka. Sai dai a ganina harshenta na malaman jami'a ne zalla, mahaƙin da aka kafa taron dominsa kuwa ya koma ɗan kallo. Bayan wannan zama taron ya bar Ruskin, ya riƙa zagaya biranen Ingila.